Hoton da ke ciyar da kai da hoton da ranka ke so

Wani matashi mai sana'ar hoto ya aiko mini da tambaya. Ya ce shekararsa huɗu ke nan yana ɗaukar hoton biki da suna da fasfo, kuma Alhamdu lillahi ana samun na cefane, amma abin da ya jawo shi cikin sana'ar ya fara dushewa a ransa. Lokacin da ya fara, burinsa shi ne ya riƙa ɗaukar fuskokin mutane yadda Allah ya yi su, tsofaffi da masu sana'a da 'yan unguwa. Yanzu kuwa daga wannan wurin biki sai wancan, in ya dawo ya kwana gaban kwamfuta yana goge ƙuraje. Ya rufe da cewa: "Oga, in rufe shagon in bi abin da raina ke so, ko in haƙura in ci gaba da neman kuɗi?"

Ƙanena, kada ka rufe shagon. Yin haka sakin reshe ne a kama ganye. Amma kuma ban yarda ka haƙura ba, don na ga abin da irin wannan haƙurin ya yi wa abokan aikina da muka taso tare: hannu yana aiki, ido ya mutu. Abin da zan gaya maka shi ne abin da na ɗauki shekaru kafin na gane. Aikin da rai ke so ba ya jiran sai an samu sarari, domin sararin ba zai zo ba. Yanka masa rabonsa ake yi daga cikin aikin kuɗin, kamar yadda manomi ke ware iri kafin a fara cin hatsi.

Na shiga wannan sana'a a Kano tun zamanin fim, ina yaron shago. Aikina na farko shara ne da goge gilashin da ake jera hotuna a ciki, sai kai fim wurin wanki a dawo da shi. Fim guda hoto 36 yake ɗauka, kuma kowane ɗaya kuɗi ne, saboda haka maigidana ba ya danna kyamara sai ya gama gyara zaman mutum, ya daidaita masa hula, ya ja masa hannun riga. In aka ɗauki hoto 33 aka tashi aiki, ukun da suka rage ba za a bar su ba, tunda masu hoto suna jiran kayansu gobe. Waɗannan ukun su ne makarantata. Da su na ɗauki mai shayin bakin layinmu, da su na ɗauki mai wankin hula yana jera huluna a kan kwabo suna shan rana.

Daga baya na ji labarin Samuel Fosso, sai na ga ashe ba ni kaɗai ba ne. An haife shi a Kamaru a 1962, ya tashi a Najeriya, yaƙin basasar Najeriya ya raba shi da gida, ya koma Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wurin kawunsa, ya buɗe shagon hoto a 1975 yana ɗan shekara 13. Da rana yana ɗaukar masu biya. In dare ya yi fim bai ƙare ba, sai ya sa kayan da yake so, ya tsaya gaban labulen shagon ya ɗauki kansa, wasu hotunan ya aika wa kakarsa a Najeriya don ta ga yana nan lafiya. Waɗannan hotuna na ragowar fim su ne aka nuna a taron masu hoto na Afirka da aka fara a Bamako, babban birnin Mali, a 1994, kuma su ne suka fitar da sunansa duniya. Ka lura, shagon ne ya sayi fim ɗin, shagon ne ya biya wutar, shagon ne ya koya masa haske.

Kai yanzu ba ka da ragowar fim, kati ne da kai mai cin dubban hotuna. Abin da ya yi maka ƙaranci lokaci ne da ƙarfin jiki. To a nan lissafi ya shigo, kuma a nan nake ganin yawancin matasanmu suke cutar kansu.

Zauna ka ƙirga awannin da biki ɗaya ke ci maka. Akwai kamu, akwai sa lalle, akwai ɗaurin aure, akwai yini, wani gidan har da dina da buɗar kai. An ce maka ƙarfe huɗu, amarya ba ta fito daga wurin kwalliya ba sai bayan magariba, kana tsaye. Ka dawo da hoto dubu ɗaya da rabi ko dubu biyu. Tacewa kaɗai wuni ce. Gyara kwana uku ne ko huɗu in da wuta, in babu kuma man janareta daga aljihunka. Sannan ga albam, ga firem, ga kiran waya na ƙanwar amarya da ke son nata tun jiya. In ka raba abin da aka biya ka da waɗannan awanni, za ka ga wani aikin ko ladan dako bai kai ba. Kuma akwai kuɗin da ba a gani: ƙyauren da ke buɗewa ya rufe a cikin kyamara yana da iyakar rayuwa. Canon 5D Mark III, wadda da yawanmu muka yi aiki da ita, kamfanin ya ƙiyasta mata dannawa 150,000. In kana danna dubu biyu a kowane biki, biki 75 ka kai wannan adadi. Tana iya wucewa, tana iya gazawa, amma duk bikin da ka yi ba ka ware kuɗin kyamarar gaba ba, jarinka ka ci.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan wannan shi ne, mai hoton da ke karɓar aiki da arha dole ya karɓi kowane aiki, wanda kuwa ya karɓi kowane aiki ba shi da ranar kansa. Gyara farashinka shi ne matakin farko na komawa ga hoton da kake so. Ka karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, ka rubuta a takarda ko a saƙon waya taro nawa za ka je, hoto nawa za ka gyara, da ranar da za a karɓa, kuma ciko ya shigo kafin albam ya bar hannunka. Wasu za su gudu. Bar su su tafi. Biki uku da aka biya da daraja sun fi shida da aka biya da godiya, kuma kwanakin da ukun suka bar maka su ne ragowar fim ɗinka. In aiki ya fara yawa, ɗauki yaro ka koya masa tacewa da gyaran farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu ma haka aka ɗauke mu.

Ni safiyar Talata na ware. Ba a biki ranar, shago ba ya cika, yaro yana iya riƙe fasfo. Daga bayan asuba zuwa hantsi ba na amsa wayar aiki. Kyamara ɗaya nake fita da ita da gilashi ɗaya, wato idon kyamara, samfurin 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafi araha da ake sayarwa, ba fitila, ba lema. Awa uku a mako kamar ba komai ba ne, amma a shekara ya haura awa 150.

Sai kuma abin da za ka ɗauka. Kuskuren da na fara yi shi ne yawo: yau Kurmi, gobe Dala, jibi Ƙofar Mata, ina harbin duk abin da ya burge ni. Na tara hotuna masu kyau da ba su san juna ba. Abin da ya gyara mini tunani aikin J.D. 'Okhai Ojeikere ne. Mutumin nan ma'aikaci ne, ya yi aiki a ma'aikatar yaɗa labarai a Ibadan, ya yi a gidan talabijin, ya yi shekaru a kamfanin talla a Legas kafin ya buɗe nasa shagon. A 1968, yana tsaka da aikin albashi, ya fara ɗaukar kitson mata. Kitso kawai. Yawanci daga ƙeya yake ɗauka, bango fili ba ado, hoto baƙi da fari. Ya yi ta yi shekara da shekaru har suka kai wajen dubu, ya rasu a 2014 bayan an nuna su a babban baje kolin fasaha na Benis a Italiya a 2013. Kitso ɗaya hoto ne kawai. Dubu kuwa tarihin wata al'umma ne, wanda da bai ɗauka ba da ya warware tare da gashin.

Saboda haka zaɓi abu ɗaya, ƙarami, na kusa da kai, wanda za ka iya komawa gare shi sau hamsin ba tare da kuɗin mota ya hana ka ba. Ni wanzamai na zaɓa. Kakana na wajen uwa wanzami ne, kuma ina kallon yadda shagunan aski na zamani ke cinye sana'ar, yara ba sa son gado.

Bari in ba ka labarin ɗaya daga cikinsu, don a wurinsa na koyi abin da babu wanda ya koya mini a shago. Tsoho ne a wata unguwa cikin birni, yana zama a ƙofar wani zaure da tabarmarsa da zabirarsa. Talata uku ina zuwa ban ciro kyamara daga jaka ba. In gaishe shi, in zauna, in kalli yadda yake wasa aska a kan fata, yadda yake jiƙa kan mutum da ruwa daga ɗan kasko, yadda yake kafa ƙaho a bayan wani ya zuƙe iskar ya toshe bakin. Ranar ta huɗu na ce, "Baba, ina neman izini in ɗauki hotonka kana aiki." Ya ce hannunsa kaɗai, ban da fuska. Na ɗauki hannun: yatsu sun kanannaɗe, askar ta sirance saboda shekarun wasawa har ta koma kamar ganyen ciyawa. Mako na gaba na kawo masa hoton a wanke. Ya daɗe yana juya shi, ya sa a zabira, ya ce in dawo Juma'a da safe.

Da na dawo sai na tarar da wani mutum daban. Ya sha babbar riga fara ƙal mai aiki, da hula zanna, ya sa kwalli, an shimfiɗa masa buzu a cikin zauren. Raina ya ɗan sosu, don ni tsohuwar taguwarsa ta aiki nake so, mai tabon sabulu, wadda a idona ita ce gaskiyarsa. Na ce, "Baba, da ka bar kayan jiya." Ya dube ni ya ce, "Yaro, so kake jikokina su gan ni cikin tsumma?" Kunya ta kama ni. Na zaunar da shi taku biyu daga bakin ƙofar, inda hasken hantsi ke shigowa ta gefe guda ya bar ɗaya kuncin cikin inuwa, cikin zauren ya yi duhu a bayansa. Ya ɗora zabirar a cinyarsa da kansa, ya dafa ta da hannu biyu. Sau huɗu na danna. Har yau ban ɗauki hoton da ya fi wannan ba, kuma rabinsa aikinsa ne, shi ya san yadda yake so a tuna da shi.

Ina gaya maka wannan ne don ka ce kana son ɗaukar mutane "yadda suke". Yi hattara da wannan kalma. Sau da yawa abin da mai kyamara ke nufi da ita shi ne talauci: almajiri da ƙoƙo, tsohuwa da yagaggen zane, don irin hoton ne ke samun yabo a Instagram da wurin baƙi. Ni ban yarda da shi ba. Yaron da iyayensa ba sa kusa ba shi da wanda zai ba ka izini, kuma ba shi da bakin hana ka. In ba za ka iya mayar wa mutum hotonsa a hannu ka kalli idonsa ba, kada ka ɗauka. Akwai kuma dattawan da ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini. Wanda ya ce a'a, ka yi masa godiya ka wuce, kada ka saci hotonsa daga nesa. Matan aure kuwa sai da yardarsu da ta gidansu, kuma yarda a ɗauka daban, yarda a watsa a intanet daban. A wannan fanni 'yan'uwanmu mata masu hoto sun fi mu dama nesa ba kusa ba, don suna shiga cikin gida inda mu muke tsayawa a zaure, kuma ina fatan su riƙa ɗaukar abin da ke can, masu kitso da masu lalle da ungozoma, kafin ya canza.

Yanzu in dawo kan shagon da kake ganin ya gundure ka, don ina ganin ka raina shi. Seydou Keïta na Bamako bai taɓa barin shago ya tafi neman wani aikin zuciya dabam ba. Ya buɗe a 1948, yana ɗaukar masu biya a tsakar gidansa da hasken rana, labulen bayansa a farko ma zanen gadonsa ne. Ya ajiye rediyo da agogo da alƙalami da babur don wanda ke son a gan shi da su, kuma yawanci sau ɗaya yake dannawa saboda tsadar fim. A farkon shekarun 1960 ya koma ɗaukar wa gwamnati hoto, shagon ya rufe. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a New York ba tare da an san sunan mai su ba, aka bi sawu har Bamako aka same shi, aka tarar ya adana dubban negetif ɗinsa, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa. Abin da ya ɗauka don a biya shi, shi ne yau ake ratayewa a manyan gidajen tarihi. Bambancinsa da sauran masu shago na zamaninsa shi ne yadda yake kallon wanda ya zauna gabansa, yadda yake karkata kafaɗa, yadda yake haɗa zanen atamfa da zanen labule.

Ma'ana, mutum goma da ke shigowa shagonka kullum su ma fuskoki ne. In ka gama ɗaukar abin da aka biya, roƙi minti biyu. Kashe fitilu biyu ka bar ɗaya, ko ka matsar da shi bakin taga. Ce masa ya sauke murmushin, ya numfasa, ya kalli ƙasa sannan ya ɗago. A wurin biki, bayan ka gama jeren ƙawaye da dangin ango, juya ka nemi kakar amarya da ke zaune gefe tana kallon jikarta. Sau da yawa wannan hoton da ba a saya ba shi ne gidan za su ɗaukaka su rataye.

Maganar goge ƙuraje da ka yi ta taɓa ni, don a nan ne aikin ya fi cin rai. Kullum ana ce mana "a ƙara mini haske", har sai fuska ta koma kamar roba, uwa ta kasa gane 'yarta. In kana da kyau ka ƙara da wanka, wannan gaskiya ne, kuma ƙurjin da ya fito jiya zai tafi jibi, goge shi ba laifi. Amma launin fata da tsagar gado da layin dariya na mutum ne. Abin da na gano shi ne yawancin masu neman a haskaka su, hoto mai duhu suka saba gani, ba su taɓa ganin baƙar fata da aka haska daidai ba. Matsalar daga wurin ɗauka take. Kyamara tana auna haske ne a kan matsakaici, to in ango ya sa farar shadda ta cika hoton, sai ta rage haske don ta kare rigar, fuska ta nutse. Auna a kan fuskar, ɗauki RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, don ka iya dawo da aikin rigar daga baya, kawo babbar fitila mai laushi kusa da shi ta gefe, ka sa farin allo ko ma farin kwali a ɗaya gefen ya mayar da haske. Fata mai duhu sheƙi take so mai faɗi, shi ke fitar da siffarta. In ka nuna wa mutum wannan a bayan kyamara, da yawa ba sa sake cewa a canza musu launi, kai kuma ka rage awannin dare a gaban kwamfuta. Lokacin hunturu ma, in hazo ya rufe rana, gari gaba ɗaya ya zama fitila mai laushi kyauta, sai dai kada ka canza gilashi a waje don ƙura.

Abu na ƙarshe da zan matsa maka a kai shi ne ajiya, kuma da ciwo nake faɗa. Shekara uku na farko na aikin wanzamai a kan na'urar ajiya guda ɗaya suke. Wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, ta ƙone. Na kai wa masu gyara, aka karɓi kuɗi, ba a ceto komai ba. Abin da ya tsira sai waɗanda na wanke na kai wa masu su, na bi su gida gida ina aro ina sake ɗauka daga takarda. Biyu daga cikin tsofaffin sun riga sun rasu. Fosso ma a 2014, lokacin rikicin Bangui, an fasa gidansa an watsar da negetif ɗinsa a ƙasa, wasu 'yan jarida da ma'aikacin kare haƙƙin ɗan Adam ne suka tsince abin da suka iya. Ka ajiye kwafi uku, biyu a na'urori daban, ɗaya a wani gida ko a intanet. Rubuta sunan mutum da sana'arsa da unguwarsa da ranar da ka ɗauka. Kuma duk wata ka wanke ko da biyar ne a takarda mai kyau, ɗaya naka, ɗaya na mai hoton.

Kada ka sa ran wannan aiki zai kawo kuɗi da wuri, kuma kada ka yi gaggawar watsa shi. Akwai wuraren da ake nuna irinsa, kamar taron Bamako da na ambata da LagosPhoto da aka fara a 2010, amma masu zaɓe a can jerin hotuna suke nema da suka daɗe suna nuna, masu magana ɗaya. Ni abin da ya fara jawo mini shi ne wasu irin masu ciniki da ban saba gani ba: mutum ya ga hoton wanzamin nan a bangon shago, ya ce yana so in je gida in ɗauki mahaifinsa haka.

Ga abin da nake so ka yi. Wannan makon ka zaɓi ranarka ka gaya wa yaron shago da iyalinka. Ka zaɓi mutanenka, kuma su kasance waɗanda za ka iya isa wurinsu da ƙafa. Zuwan farko ka bar kyamara a jaka. Bayan wata shida ka wanke goma sha biyu, ka zo da su shago da safiyar Laraba, mu shimfiɗa su a kan tebur mu ga waɗanda za su zauna da waɗanda za a cire.